Matar da Ta Ƙi Yanke Zare

Ƙarfe shida da rabi na safe take shiga ƙofar asibiti, da jaka a hammata, da takalman roba waɗanda suka daɗe da neman hutu. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. Ta ɗaga wa mai gadi hannu, ta bi baranda, ta wuce ɗakin masu jego, sai ɗakin tiyata da ke ƙarshen ginin. A can za ta sauya kaya, ta cusa gashinta cikin hula, ta ɗaura takunkumi, sannan ta tsaya gaban famfo tana dirzar hannuwa har gwiwar hannu kamar sun yi mata laifi. Minti biyar take yi. Shekara talatin da uku tana wannan dirza, ba wanda ya taɓa kama ta da minti huɗu.

Daga famfo sai teburin kayan aiki. Wuƙa, almakashi, allurai, zare, auduga, kowanne da mazauninsa, ta yadda ko ido a rufe za ta miƙa wa likita abin da ya nema. A gefen hagu kuma takan ware ƙananan hantsaki guda biyu, su kaɗai, ba a haɗa su da sauran. Su suka jawo mata sunan da duk asibitin ya san ta da shi. A gabanta Sista ake ce mata. Da ta ba da baya kuwa, Sista Dogon Zare. Ta san da sunan sarai, ba ta taɓa nuna ta ji ba.

Makon jiya ta yi ritaya. Nas ce ta ɗakin tiyata, ba likita ba, don haka sunanta ba ya kan allon kowace ƙofa. Ni malamar makaranta ce, ban san komai game da aikinta ba sai da larura ta shigo gidanmu. Abin da zan faɗa a nan na tsinto shi ne daga bakin mahaifiyata, da bakin mai allurar kashe jiki da ya yi shekara goma sha tara yana aiki kusa da ita, da ɗan abin da na iya tatsa daga bakin ita kanta, wanda bai taka kara ya karya ba.

Sai na ɗan yi bayani, yadda aka yi mini. Mahaifa ba ajiye take kawai a cikin mace ba. Akwai jijiyoyi masu ƙarfi da ke riƙe da ita ta gefe da ta baya, kamar igiyoyin rumfa. Yawan haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi sukan sa su saki, sai mahaifar ta riƙa zazzagowa har ta leƙo waje. Idan abin ya yi nisa, likita kan cire ta ta ƙasa, ta hanyar haihuwa, ba tare da an tsaga ciki ba. A yanke jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure kowace da zare. Bayan an fitar da mahaifar, saura rufe saman farji, inda take zaune a da. To, nan maganar take. Ana iya ɗinke wurin kawai a tashi. Ana kuma iya barin zaren jijiyoyi biyu na baya da tsawonsa, a maƙale bakinsa da hantsaki, a ƙarshe a ɗinke jijiyoyin da saman farjin don su riƙe shi a sama. Wannan na biyun yakan ci ƙarin minti goma sha biyar ko ashirin.

A shekararta ta huɗu da fara aiki, wata mata ta tare ta a baranda. Sista ta gane ta, don ita ta miƙa kaya ranar da aka yi mata aiki, shekara biyu baya. Matar ta ja ta bayan labule, ta ɗaga zane, ta ce, "'Yar nan, kun ce kun cire. To, wannan kuma mene ne?" Saman farjin ne ya juyo ya sauko, tun da ba abin da ke riƙe da shi. Sista ta tuna ranar tiryan-tiryan. Likita ya ce ta yanke zaren, ita kuma ta yanke, gajere, tsaf, har tana jin daɗin gwanintarta.

Tun daga nan ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Kowace Laraba ake duba matan da suka cika mako shida da yin tiyata, kuma ba hurumin nas ɗin ɗakin tiyata ba ne. Ita dai sai ta je ta samu kujera a lungu. Ta samo irin ɗan katakon da ake danne harshe da shi, ta zana masa awo, likita na dubawa tana roƙon a auna mata zurfin wurin, tana rubutawa. Sannan ta yi tambayoyin da kowa ke kauce wa.

"Kina iya tsugunawa? Fitsari fa, yana riƙuwa? Ke da maigidan kuma fa, lafiya?"

Mace ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ɗago ki dube ni. Ni ma da mijina, ba daga sama na faɗo ba. Akwai zafi ko babu?"

Sai a yi dariya, sai baki ya buɗe. Da haka ta tara abin da ba ya cikin takardar kowa. Ta lura cewa a cikin matan da ta gani, waɗanda aka haɗa wa jijiyoyin da saman ba su cika dawowa da kuka ba. Ta kuma lura cewa waɗanda aka rufe wa ɗinkin a tsaye sun fi waɗanda aka rufe wa a kwance saura da zurfi, kuma ƙorafinsu game da kwanciyar aure ya fi sauƙi. Ba ta ce ta gano wani sabon ilimi ba. Ta kai wa likitar mata ta asibitin abin da ta rubuta, ta ce, "Dakta, ga abin da idona ya gani, ke kika san fassararsa." Likitar mace ce mai sauraro. Ta karanta, ta gwada da abin da ta sani, daga nan suka zama hannu ɗaya.

Yanzu sai maganar Inna, kuma da izininta nake yin ta.

Inna wanki take yi wa mutane. Mu bakwai ta haifa, kuma tun ina ƙarama ban san ta a wani hali ba sai a tsugune gaban baho, ko ɗauke da bokiti. Shekara shida ta yi tana ɓoye mana abin da ke damunta. Da safe ta mayar da shi ciki da hannu, ta yi ƙunzugu da tsumma, ta fita aiki. Tafiyarta ta canza, muka ce ciwon baya ne. Ta kwashe shimfiɗarta daga ɗakin Baba ta dawo ɗakin ƙannena, ta ce minsharinsa ne ya ishe ta. Baba kafinta ne, ba mai yawan magana ba. Ya ɗauka ta gaji da shi ne, muna kallo ya riƙa ramewa. Ranar da na iske ta a bayan gida tana kuka, tsumman duk jini, ranar na sani. Na yi fushi da ita, na yi fushi da kaina, na sa ta a gaba sai asibiti.

Mun zo a lokacin da likitar mata take can wajen ƙaro ilimi na wata uku, saura 'yan makonni ta dawo. Mata sun taru suna jiran aiki, sai aka gayyato wani babban likita daga nesa ya zo ya rage layin cikin kwana uku. Gwani ne na gaske, ba mai musun wannan. Ma'aikata suna ce masa Mai Agogo, saboda da ya shiga yake sa a rataya agogo inda zai riƙa ganinsa. A ranarsa ta ƙarshe mata goma sha ɗaya aka rubuta masa. Shidan farko ayyuka ne daban-daban. Inna ce ta bakwai, ita ce kuma ta farko a ranar da za a cire wa mahaifa ta ƙasa, uku daga cikin huɗun da ke bayanta ma irin nata ne.

An yi mata allura a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonta biyu, tana jin komai ta bayan ƙyallen da aka tare mata fuska da shi. Mai allurar yana zaune wajen kanta. Ya ce aikin ya tafi kamar ruwa. Kafin azahar mahaifa ta fita, jini ya tsaya, zare biyu na baya suna reto da hantsakin Sista a bakinsu. Mai Agogo ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ɗago zaren biyu, ya ce, "Yanke."

Almakashi na hannunta. Ba ta motsa ba.

"Sista, na ce yanke."

"Ranka ya daɗe, waɗannan na baya ne. Ba mu haɗa su da saman ba tukuna."

"Na san ko na mene ne. Mata huɗu na waje, tun jiya ba su sa komai a baki ba. Gobe da sassafe ina hanya. In na tsaya yi wa kowace ado, wa zai yi wa ta ƙarshe?"

Maganarsa gaskiya ce, Sista ma ta san gaskiya ce. Ta ce mini a wannan lokacin ta hango matan huɗu a kan benci, leɓunansu a bushe. Saura shekara biyar ta ajiye aiki, takardarta fes, ba a taɓa rubuta mata ko gargaɗi ba. Amma ta dubi zaren ta ga ba za ta iya ba.

"Ba ado ba ne, ranka ya daɗe. Wanki take yi. A tsugune take wuni, tana ɗaga ruwa. In muka rufe haka, ina tsoron ba za ta yi shekara biyu ba za ta dawo."

"Au, kin zama likita ke nan?"

"A'a. Ni ce dai nake ganinsu in sun dawo. Kai lokacin ba ka nan."

Sauran ma'aikata kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Ba a yi wa babban likita haka, balle baƙo, balle a gaban mara lafiya. Mai Agogo ya miƙo hannu.

"Ba ni almakashin."

Ba ta hana shi ba, don ba ta da ikon hanawa. Ta ajiye almakashin a kan tire a gabansa. Kusa da shi ta ajiye allura da zarenta a zure, a shirye.

"Ga su nan duka, ranka ya daɗe. Aikinka ne. Ni dai da hannuna ba zan yanke ba. In kuma an yanke, zan rubuta a takardarta cewa ba a ɗaure ba, don wanda zai gan ta nan gaba ya san inda zai fara."

Sai murya ta fito daga bayan ƙyalle. Inna ce, wadda ko a gida ba ta ɗaga murya.

"Likita, ka yi haƙuri, ban san abin da kuke ja a kai ba. Amma in ɗinki ne, don Allah a yi mini mai ƙarko. Shekara shida na yi da abin nan. Ba sauri nake ba."

Mai allurar ya ce dariya ta taso masa, ya danne ta da tari. Mai Agogo bai yi dariya ba. Ya ja tsaki, ya ɗauki allurar. A faɗi gaskiya a kansa, da ya tashi yi bai yi na huce haushi ba. Ya kama jijiyoyin biyu, ya haɗa su da saman, ya ɗaga wurin ya zauna daram, ya rufe ɗinkin a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyar da ɗalibai. Minti goma sha bakwai ya ci. Bai sake ce mata uffan ba ranar, amma duk mai irin aikin da aka shigo da ita bayan Inna, ya tarar da hantsaki biyu a gefen hagu, ya kuma yi amfani da su.

Sista ba ta zauna ba, ba ta sha ko ruwa ba. Tsakanin aiki da aiki ita ke wanke kaya da kanta, ita ke tura gado, don a mayar da mintocin da ta ci. Ba su mayu duka ba. Ana gama ta goma la'asar ta yi sakaliya, ma'aikata sun galabaita, aka ce a tsaya. Mace ta goma sha ɗaya ba a yi mata ba.

Sista ta hana kowa zuwa ya gaya mata, ta ce ita ta jawo, ita za ta je. Ina zaune a baranda ina jiran a fito da Inna, da idona na gani. Matar dattijuwa ce, ta wuni da yunwa. Da ta ji bayani ta fashe da kuka, ta zazzaga wa Sista maganganun da ba zan maimaita ba. Sista na durƙushe a gabanta, ba ta kare kanta ba. Da matar ta gama, Sista ta ce, "Gwaggo, kin yi gaskiya, ni na ci lokacinki. Ki ba ni mako uku. In ba a yi miki ba, ki zo ki tsaya a nan ki faɗa wa kowa ni maƙaryaciya ce." Sannan ta haɗa mata shayi da hannunta.

Mai Agogo bai tafi ba sai da ya bar takardar ƙorafi. Aka kira ta ofis, aka ce ta ci fuskar baƙo. Ta ce ta yarda muryarta ta yi kaushi, ta ba da haƙuri a kan wannan. Aka ce ta rubuta cewa ba za ta sake ba. Ta ce wannan kam ba za ta rubuta abin da ta san ƙarya ne ba. Sai aka cire ta daga ɗakin tiyata aka mayar da ita ɗakin dafa kayan aiki, cikin tururi da zafi, wata huɗu cur. Mace mai shekara ashirin da takwas a aiki. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye mini ba. Amma ƙarfe shida da rabi take zuwa, kamar kullum.

Daga cikin tururin nan ta riƙa bin maganar dattijuwar. Ranar da likitar mata ta dawo, tun ba ta ajiye jaka ba Sista ta tare ta. Kwana goma sha tara da alkawarin aka yi wa Gwaggo aiki. Sista ba ta cikin ɗakin, amma ita ta naɗe kayan da aka yi aikin da su. Likitar kuwa ba ta huta ba sai da aka mayar mata da nas ɗinta.

Sista, ke ce wadda ta ji zagin mai yunwa ta haɗiye, don kin san yunwar wuni ɗaya tana wucewa, abin da kika hana kuwa ba ya wucewa. Ke ce mai tsayawa a inda ba ido, a kan ɗinkin da ko mai shi ba za ta taɓa gani ba. Ciki ne, an rufe, ba tabo a waje da za a nuna a yaba. Da kin yanke zaren nan, ba wanda zai kama ki. Da Inna ta dawo bayan shekara biyu, cewa za a yi ƙaddara ce, mu ma da mun yarda.

Ranar Larabar da Inna ta cika mako shida, kin saci jiki daga ɗakin tururi kin zo da ɗan katakonki. Kin yi mata faɗa a kan bokiti, kin ce daga yau rabi-rabi za ta riƙa ɗauka, kin juyo kaina kin ce, "Ke kuma 'yata, da iliminki, uwarki na tafiya a karkace shekara shida ba ki tambaya ba?" Ban ji daɗi ba a lokacin. Na gode yanzu.

Shekara biyar ke nan. A ɗan taron da aka yi mata makon jiya, a ɗakin shan shayin ma'aikata, manya sun yi jawabi, an ba ta agogon bango da takardar yabo. Ta karɓa tana ta kallon ƙofa kamar mai jiran a tashi. Sai ga Inna ta shigo da mayafinta na fita unguwa. Ba ta iya jawabi ba. Ta ratsa mutane ta je ta kama hannun Sista, ta sunkuya kusa da kunnenta.

"Yaya, yana nan inda kika sa aka ɗaure shi."

Na zaci Sista za ta yi ƙwalla. Ina! Ɗaure fuska ta yi irin ta ranar Laraba.

"Tsugunawa fa?"

"Lafiya lau."

"Fitsari?"

"Sai na ga dama."

"Maigidan fa?"

Inna ta rufe baki da mayafi. "Yana waje yana jirana. Ya ce ba zan zo ni kaɗai ba."

A nan ne Sista ta juya ta fuskanci bango, ta daɗe tana gyara takardar yabon da ba abin da ya same ta.

Mun gode, Sista. Ni da ƙannena shida mun gode, Baba ya ce a gaya miki ya gode, shi da bai iya faɗa da bakinsa ba. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya riƙe ki yadda kika sa aka riƙe iyayenmu. Ku kuma da kuka gaji teburinta, da ku likitoci masu gaggawa, da mu duka masu aikin da ake rufewa ba a gani, a ofis ne ko a aji ko a gareji, ga abin koyi nan tun tana raye. Ku je ku tambaye ta, tana nan, bakinta bai mutu ba. Minti goma sha bakwai ta ƙwato wa uwata, aka hukunta ta wata huɗu a kansu, kuma ta ce mini ko gobe aka ce ta yanke, amsarta ba ta canza ba.